Kafin A Shafa Fatiha, A Tambayi Takardar Ango

A Azare, kamar sauran garuruwan ƙasar Katagum, ba sabon abu ba ne a ɗaura aure babu ango a wurin. Wakilinsa ne zai gyara zama a gaban waliyyi ya nema masa auren, a ambaci sadaki, a ce an bayar, a ce an karɓa, shaidu su ji, a shafa fatiha, a raba goro da alawa. Amarya dama ba ta zuwa, tana cikin gida da ƙawayenta. Haka muka taso muka tarar, kuma aure ne ingantacce a shari'a. Abin da ya ƙaru a 'yan shekarun nan shi ne, sau da yawa angon ba Kano yake ba, ba Legas ba. Yana Jidda ko Riyad, ko Landan, ko wani gari a Kanada. Ƙaninsa zai ɗaga waya sama ya kunna bidiyo don ya ga taron. In ka tambayi inda amarya za ta tare, sai a ce maka, "Ai zai ɗauke ta." In ka ce yaushe, a ce, "In sha Allahu da zarar takardu sun fito."

Wannan jiran fitowar takardu ya cinye ƙuruciyar 'yan mata da yawa a garin nan, kuma mu iyaye da 'yan'uwa muna da hannu a ciki. Mu mutane ne masu bincike kafin aure. Ana tura dattijo ya binciko asalin yaro, da sana'arsa, da sallarsa, da irin abokan da yake zama da su. Yanzu har asibiti ake zuwa a yi gwajin jini saboda sikila da cuta mai karya garkuwar jiki. Amma da an ce mai neman auren a ƙasar waje yake, sai bincike ya tsaya cak. An ga ginin da yake yi a bayan gari, an ga akwatunan lefe, an ji yana turo wa mahaifiyarsa kuɗi duk wata, shi ke nan magana ta ƙare. Ba mai tambayar wace irin takarda ce ke riƙe da shi a can, ko kuma takardar ta ba shi ikon kai iyali. A ganina ita ce tambayar da ya kamata a fara da ita, kuma nauyin yin ta yana wuyan waliyyi.

Ba yau muka fara ba matafiyi aure ba. Tun da Malam Zaki ya kafa Katagum a farkon ƙarni na 19 ƙasar nan take kan hanyar Kano zuwa Borno, kuma bayan fadar sarki ta dawo Azare a 1916 garin ya ci gaba da zama mahaɗar matafiya. Kakanninmu sun yi fatauci, sun yi cin rani, sun tafi aikin hajji a ƙasa ta Borno da Chadi da Sudan, wasu su shekara da shekaru suna ƙwadago a hanya kafin su tara guzurin tsallaka Bahar Maliya. Da yawansu da matansu suka tafi, shi ya sa har gobe akwai garuruwa da unguwannin Hausawa a Sudan. A wancan zamani abin da ke raba miji da mata nisa ne da wuyar hanya, kuma in mutum ya ƙudurta ɗaukar iyalinsa ba abin da zai hana shi sai rashin guzuri. Yau nisan ya kau. Daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa Jidda 'yan awoyi ne, kuma kowane dare suna ganin fuskar juna a waya. Sai dai an samu na uku a cikin auren, wanda bai halarci ɗaurin aure ba, bai san waliyyi ba, kuma ba a iya tura masa dattijo ya ba shi baki: jami'in biza da ke bayan gilashi a ofishin jakadanci, da dokar da ƙasarsa ke sauyawa duk lokacin da siyasarta ta juya.

Mu fara da Saudiyya, tunda can namu suka fi nufa. Ma'aikaci baƙo a Saudiyya ba ya zama mazaunin dindindin don ya daɗe, in ban da wani izinin zama na musamman da aka fito da shi a 2019 wanda sai mai hannu da shuni ko mai wata ƙwarewa ta daban. Sauran jama'a igama, wato katin izinin zama, ce ke riƙe da su, igama kuwa a kan aiki take. Ranar da aiki ya ƙare zama ya ƙare. Ikon kawo iyali ma ya danganta da sana'ar da aka rubuta a jikinta. Likita ko injiniya ko malamin jami'a yana iya nema wa matarsa izinin zama. Direban gida da mai aikin gida da lebura ba su da wannan dama, komai kyawun niyyarsu. Balle wanda ya shiga da bizar Umara ya ƙi dawowa, yana kwana da fargabar kame. Shi kansa ba shi da takarda, ina zai samo wa wata? Wanda ma ya samu izinin, tun Yulin 2017 akwai harajin da ake biya a kan kowane mutum da ke ƙarƙashinsa. An fara da riyal 100 a wata, ya riƙa hawa har ya kai riyal 400 daga 2020. Mace da 'ya'ya uku riyal 1,600 ke nan duk wata, ba a zo ga haya da cefane da makarantar yara ba. Wannan haraji ya sa baƙi da dama daga ƙasashe daban-daban sun mayar da iyalansu gida. Saurayin da ya ce wa surukansa "zan ɗauke ta" yana iya kasancewa har zuciyarsa haka yake nufi, amma albashinsa da abin da ke rubuce a igamarsa sun riga sun yanke hukunci.

Ingila kuma, inda likitoci da ma'aikatan jinya da ɗalibanmu suka kwarara, ƙofar tana ta ƙara tsukewa. Daga Janairun 2024 akasarin ɗaliban da suka je karatu ba su da ikon kai mata ko miji, sai masu digirin bincike. Daga 11 ga Maris 2024, duk wanda ya shiga aikin kula da tsofaffi da marasa lafiya bayan wannan rana an hana shi kai iyali, alhali aikin nan shi ne ƙofar da dubban 'yan Najeriya suka bi. Wanda kuwa ya riga ya zama ɗan ƙasa ko mazaunin dindindin, sai ya nuna yana samun aƙalla fam 29,000 a shekara kafin a ba matarsa biza; daga 2012 har zuwa Afrilun 2024 fam 18,600 ne. Ita kuma sai ta ci jarrabawar Turanci, ta yi gwajin tarin fuka a asibitin da suka amince da shi, a biya mata kuɗin biza, a biya kuɗin lafiya na fam 1,035 a kan kowace shekara tun kafin ta taka ƙasar. Bayan duk wannan sai ta yi shekara biyar zamanta na rataye da auren kafin ta nemi nata zaman na dindindin. A lura da wannan na ƙarshe: in zama ya yi tsami a cikin shekarun nan, yarinyar da ba ta da kowa a can tana tsoron buɗe baki, don takardarta a hannun mijin take.

A Amurka, miji zai sa hannu a kan alkawarin ɗaukar nauyi, ya nuna samunsa ya kai kashi 125 cikin 100 na ma'aunin talaucin ƙasar, ita kuma ta tafi Legas ganawa da jami'in biza. In auren bai cika shekara biyu ba, katin zama na shekara biyu za a fara ba ta, daga baya a sake duba ko auren na gaske ne. Kuma abin da aka yarda da shi bana ana iya soke shi baɗi. A farkon 2020 gwamnatin Donald Trump ta dakatar da bizar ƙaura ga 'yan Najeriya, Joe Biden ya ɗage a Janairun 2021, sannan a ƙarshen 2025 aka sake saka Najeriya cikin ƙasashen da aka taƙaita wa shiga. Duk wanda fayil ɗinsa ke kan layi a irin wannan lokaci sai dai ya rungumi ƙaddara. Kanada kuwa tana ɗaure mai ɗaukar nauyi da alkawarin shekara uku, ko da auren ya mutu a tsakani.

Akwai wani tarko da ya shafe mu kai tsaye, wanda ban cika jin ana maganarsa ba. Tun 2015 Kanada ta daina karɓar auren da aka ɗaura ta hanyar wakili ko waya ko intanet a matsayin hujjar ɗaukar mata ko miji. Sharaɗinta shi ne a ce su biyun suna wurin da jikinsu. Amurka tana karɓar auren wakilci ne kawai in an nuna ma'auratan sun haɗu sun tare bayan ɗaurin. Ingila tana son hujjar cewa sun taɓa haɗuwa ido da ido. To irin ɗaurin aurenmu fa, wanda ango na ƙasar waje, amarya na ƙuryar ɗaki? A wurin Allah aure ne, a wurin alƙalin kotun shari'a aure ne, amma a teburin jami'in Kanada yana iya faɗawa cikin abin da dokarsu ta ƙi. Iyali za su kashe kuɗi, su jira shekara, sannan a dawo musu da amsa cewa tun daga tushe ba a cika sharaɗi ba.

Sannan ga batun nuna cewa soyayyar ta gaske ce. Abin da suke nema hotuna ne na su biyu a lokuta daban-daban, da saƙonnin waya, da rasitin turo kuɗi, da tikitin jirgi. 'Yarmu kuwa an tarbiyyantar da ita a kan kunya. Wata ko sunan mijinta ba ta faɗa, hoton biki ma fuskarta a lulluɓe take, hirarsu kuma duk saƙon murya ne da Hausa. A tsayar da ita gaban baƙo ya tambaye ta yadda suka haɗu da abin da ya ja hankalinta gare shi, ta sunkuyar da kai ta yi shiru, shi kuma ya rubuta cewa ba ta san mijin ba. Ba ina cewa mu zubar da kunyarmu don a ba mu biza ba ne. Ina cewa wanda ya san can za shi kai matarsa, ya daure ya zo ɗaurin aurensa da ƙafarsa, a yi abin da zai nuna amaryar ma ta halarta, a karɓi takardar shaidar aure a kotun shari'a a cikin makon nan, kada a bari sai bayan shekara biyu a koma ana neman shaidu.

Takardunmu na gida ma sai a hankali. Buɗe jakar takardun wata amarya ka gani: a takardar kammala sakandare sunan mahaifinta Mohammed, a katin ɗan ƙasa Muhammad, a fasfo Muhammadu. Ranar haihuwa ɗaya ga Janairu ce a wata takardar, a wata kuma watan Yuni, don lokacin rajistar jarrabawa wani malami ne ya cike mata fom da ka. Takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya babu, sai ta rantsuwa da aka yi a kotu jiya-jiya. A gida ba wanda ya damu da wannan. A can kowane saɓani alamar ƙarya ce. Gyara shi yana cin watanni da zirga-zirga zuwa Bauchi ko Kano ko Abuja. Haka kuma Ingila da Kanada ba sa karɓar wadda ba ta cika shekara 18 ba a matsayin mata.

Daga nan sai wani dillalin biza ya ba da shawara a je rajista a yi "auren kotu" don takardarsa ta fi kwarjini a ofishin jakadanci. Mutane suna zuwa su sa hannu ba su san abin da suka shiga ba. Auren da aka ƙulla a ƙarƙashin Dokar Aure ta tarayya na mace ɗaya ne. Wanda ya yi shi, in ya ƙara aure da wata alhali wancan na nan, ya yi laifin da dokar ta tanadi ɗauri a kansa. Wanda kuma yake da wata matar tun farko, rajistar da ya yi da ta biyu ba ta inganta ba. Raba irin wannan aure ma ba a gaban alƙalin shari'a ake yinsa ba, sai Babbar Kotu. Ƙasashen Turai da Amurka kuwa mace ɗaya suka sani. Yarinyar da aka ba mai mata a can a matsayin ta biyu, a faɗa mata gaskiya tun yanzu: ba za ta bi shi a matsayin matarsa ba, zamanta a gida ne.

Duk wannan lissafi a kan mutum ɗaya yake sauka. An yi biki, an kai ta gidan surukai an ba ta ɗaki "kafin takardu su fito". An jera gado da kujeru, amma kwanukan da uwarta ta shekara tana tarawa suna cikin kwali ba a buɗe ba, don an ce kada a wahala tunda tafiya za ta yi. Ango ya zo hutun wata ɗaya ya koma, ya bar ta da ciki. Ta haihu ba ya nan, a waya ya ji kukan ɗansa, a waya aka faɗa masa an raɗa suna. Ta bar makaranta saboda an ce a can za ta ci gaba. Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh na nan cikin gari, jami'a na nan Gadau, amma duk shekara sai a ce ta dakata tukuna. In ta fita unguwa a ce matar matafiyi ta cika yawo. In ta zauna a ce tana cin kuɗin waje ta samu hutu. Ƙawayenta na ganin ta tsinci dami a kala, ita kuwa dare ya yi ta rungumi waya tana jiran ya tashi daga aiki. In ta yi ƙorafi uwar miji ta ce, "Me kika rasa? Ci ko sha?" Ita ba mai zaman aure ba, ita ba bazawara ba. Shekara uku, huɗu, biyar. Wani lokaci daga baya labari ya iso cewa ya yi wani auren a can.

Addininmu bai ɗauki ci da sha a matsayin dukkan haƙƙin mace ba. Alƙur'ani ya yanka wa wanda ya rantse zai ƙaurace wa matarsa wa'adin wata huɗu. Sananne ne cewa Sayyidina Umar ya iyakance tsawon lokacin da mayaƙi zai yi nesa da iyalinsa, bayan ya bincika iya abin da mace za ta jure. Mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke bi ta ba matar da miji ya yi wa doguwar tafiya damar kai ƙara in rashinsa yana cutar da ita, ko da yana aiko da abinci: alƙali ya aika masa ya dawo, ko ya ɗauke ta, ko ya sawwaƙe mata, in ya ƙi a raba. Wanda ya ɓace ba a san inda yake ba ma an yi masa babi, da wa'adin shekara huɗu, kamar yadda ɗaliban Risala suka sani. Wannan na ƙarshe ba tsohon zance ba ne, ganin yadda samari ke bin hanyar Agadas zuwa Libiya da Aljeriya a daina jin ɗuriyarsu. Hukuncin yana nan a littafi. Abin da ya yi ƙaranci shi ne wanda zai gaya wa yarinyar tana da shi, da uban da zai raka ta kotu ba tare da ganin ta ja masa abin kunya ba.

Amma kai ƙara magani ne bayan ciwo ya kama. Abin da nake kira gare shi ya fi sauƙi. Ranar da magabatan yaro suka zo gaisuwa, bayan an gama barkwanci, baffan yarinya ya dubi babbansu ya ce, "Alhaji, mun yaba da yaron nan, ba mu da ja a kan halinsa. Amma tunda a waje yake, muna so mu san da wace takarda yake zaune, kuma ko tana ba shi damar kai iyali. In tana ba shi, nan da yaushe? In kuma abin bai yiwu ba, ina za ta zauna, kuma sau nawa zai riƙa zuwa a shekara?" In mutanen kirki ne za su ce, "Wallahi Malam ka yi gaskiya, bari mu kira shi ya turo a gani." A samu wani ɗan gari da ya san ƙasar ya duba hoton igamar ko katin zaman, ba a rasa likita ko malami ko ɗan kasuwa a Azare da ya zauna a can. Abin da aka amince a rubuta shi, shaidu su sa hannu. Malaman Malikiyya na Andalus da Magrib sun daɗe da sanin irin wannan: sukan rubuta a takardar aure cewa in miji ya yi tafiya ta wuce wa'adi kaza, al'amarin matar ya koma hannunta. Malamanmu da alƙalanmu sun fi ni sanin yadda za a tsara lafazin ya dace da shari'a, kuma ina roƙonsu su yi, su kuma faɗe shi a huɗuba da wuraren ɗaurin aure. Kuma a bar yarinya ta ci gaba da karatunta ko sana'arta har ranar da biza ta shiga fasfonta.

Na san abin da za a ce. Za a ce mijin aure ya yi wuya, ga tsadar rayuwa, wa zai kori mai rufin asiri da tambayoyi? Za a ce arziki na Allah ne, kuma aure ba a yi masa ƙwaƙƙwafi. Gaskiya ne akwai gidaje da yawa a Katagum da Gamawa da Shira da Giade da kuɗin 'yan waje ke riƙe da su, kuma akwai aurarrakin nesa da suka yi albarka, aka jira shekara ɗaya ko biyu aka haɗu. Ban ce a hana ɗan waje aure ba. Akwai ma yarinyar da za a faɗa wa gaskiya cewa ba za a iya ɗaukarta ba, ta ce ta ji ta gani, za ta zauna a gida ya riƙa zuwa. Wannan zaɓinta ne, kuma ba laifi. Abin da ba daidai ba shi ne a karɓi yardarta a kan alkawarin da mai yinsa ba shi da ikon cikawa. Mai gaskiya ba ya gudun a ga takardarsa. Wanda ya fusata don an tambaya, gara a ga fushin nasa yanzu kafin a ɗaura.

Akwai kuma ɓangaren da muke jin nauyin faɗa. Lokacin da wani matashi a Panshekara ta Kano ya auri Ba'amurkiyar da suka haɗu a Instagram, a Disambar 2020, samari da yawa ba auren suka kalla ba, hanyar fita suka hango. Ba ni da abin cewa a kan waɗancan ma'aurata, aurensu nasu ne. Damuwata ita ce masu mata a gida da ke cike fom su ce ba su da aure, ko su nemo takardar saki ta bogi don su auri 'yar can, su ce wa matar, "Ki kwantar da hankalinki, a takarda ne kawai, in na samu zama zan dawo da ke." Saki ba ya cikin abubuwan da shari'a ta yarda a yi wasa da su, kuma ya kamata mai shirin yin haka ya tambayi malami matsayin aurensa kafin ya sa hannu. A dokar Amurka auren neman takarda laifi ne mai ɗaurin da ya kai shekara biyar da tarar da ta kai dala 250,000. Ga kuma baiwar Allah ta can da aka yaudara, wadda ita ma 'yar wasu ce. Wanda ya rubuta cewa ba shi da mata ba shi da 'ya'ya, da hannunsa ya toshe hanyar da zai bi ya ɗauke su gobe, don fayil ba ya mantuwa.

Kafin mu gama ganin laifin ƙasashen waje, mu leƙa namu kundin. Sashe na 26 na tsarin mulkin 1999 ya ba baƙuwar da ta auri ɗan Najeriya damar zama 'yar ƙasa ta hanyar rajista. Baƙon da ya auri 'yar Najeriya ba shi da wannan dama. Sai ya bi sashe na 27, wanda ke neman zaman shekara 15 da wasu sharuɗɗa. 'Ya'yansa 'yan Najeriya ne ta wajen uwa, shi kuwa baƙo ne a gidan da yake ciyarwa. A ranar 1 ga Maris 2022 Majalisar Dokoki ta Ƙasa ta kaɗa ƙuri'a a kan gyara wannan, aka yi watsi da shi. Mata suka yi kwanaki suna zanga-zanga a ƙofar majalisa, Majalisar Wakilai ta ce za ta sake dubawa, amma sashen bai sauya ba.

Mutanenmu sun ɗauki wannan a matsayin rigimar matan Legas da ke auren Turawa. Alhali mu abin ya fi shafa. Wa ke zuwa neman aure a Azare daga wajen Najeriya in ba ɗan Damagaram ko Diffa ba, ko ɗan Anjamena, ko ɗan Marwa, ko jikan waɗanda suka zauna a Sudan? Chadi da Kamaru da Sudan dama ba sa cikin ECOWAS. Nijar kuwa, da muke ganin gida ɗaya ne, an rufe iyakarmu da ita daga Agustan 2023 zuwa Maris 2024, sannan ta fice daga ƙungiyar a 29 ga Janairun 2025. An ce za a ci gaba da barin jama'a su shiga su fita har sai an yanke wata shawara, wato zaman surukinmu Banijare yanzu a kan sanarwa yake, sanarwa kuma ana iya janye ta. Duk ranar da aka sake buɗe gyaran tsarin mulki, sanatan Bauchi ta Arewa da ɗan majalisar wakilai mai wakiltar Katagum suna buƙatar su ji daga bakinmu, a taron jin ra'ayi da kuma a rubuce, cewa muna so a ba mijin 'yar Najeriya damar da sashe na 26 ya ba matar ɗan Najeriya.